Kwana Uku a Zanzibar da Ƙaramin Guzuri

A wajen yawancinmu tafiya ba ta yin ma'ana sai da dalili mai nauyi: aikin Hajji, fatauci, neman ilimi, jinya ko zumunci. Wanda ya ce zai ƙetare teku don ya huta kawai, kallon almubazzari ake yi masa. Amma jiki da ƙwaƙwalwa suna da haƙƙi a kan mai su, kuma hutun da aka tsara da hankali ba lallai ne ya cinye dukiya ba. Tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya na cikin wuraren da mai matsakaicin hali zai iya gwada wannan magana. Kwana uku sun isa mutum ya zaga gari, ya ci, ya yi tsaraba, ya miƙe ƙafa a bakin teku, matuƙar ya san inda kuɗinsa suke tafiya.

Abin da ake kira Zanzibar tsibirai ne, manyansu biyu: Unguja, inda babban birnin yake, da Pemba da ke arewa da shi. Tsawon Unguja kimanin kilomita 85 ne, don haka ba inda ya yi wa baƙo nisa. Daga Darussalam jirgin ruwa mai sauri yakan kai mutum cikin kamar awa biyu, ya sauke shi a bakin tsohon gari. Mai tashi daga Kano zai iya biyowa ta Adis Ababa, mai tashi daga Legas kuma ta Adis Ababa ko Nairobi, ya sauka a filin jirgin sama na Abeid Amani Karume.

Arahar Zanzibar tana farawa ne bayan an sauka. Tikitin jirgi shi ne babban nauyi, kuma ba a rage shi sai da saye da wuri. Ɗan Najeriya yana buƙatar neman biza tun yana gida, ya kuma riƙe katin rigakafin cutar shawara. Tun daga watan Oktoba na 2024 gwamnatin tsibirin ta wajabta wa baƙi sayen inshora ta dala 44. Saboda haka wannan hutu ya fi sauƙi ga wanda wani uzuri ya riga ya kai shi gabashin Afirka, kamar ɗalibi ko ɗan kasuwa ko mai halartar taro, ya ƙara kwana uku a kan tafiyarsa. Lokaci ma yana da tasiri a kan farashi. Daga Maris zuwa Mayu ake babbar damina, baƙi sukan ragu, kuɗin ɗaki ya sauka. Wanda ba ya tsoron jiƙewa ya samu garaɓasa.

Ranar farko ta tsohon gari ce, wanda mutanen wurin ke kira Mji Mkongwe, kuma Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. An gina gidajensa da dutsen murjani da farar ƙasa. Lungunansa sun yi ƙunci ga mota, sai ƙafa da keke da babur. Zagaya shi kyauta ne, ɓata a cikinsa kuma ba abin tsoro ba ne, domin duk inda mutum ya miƙa zai ɓulla bakin teku ko babban titi. Ƙofofin katako masu sassaƙa su ne adon garin. Wasu na ɗauke da rubutun Larabci a samansu, wasu an daddasa musu ƙusoshin tagulla irin na Indiya. Kowace ƙofa tana nuna asalin maigidan da ya sa aka yi ta da kuma ƙarfin aljihunsa.

Iska ce ta tara waɗannan mutane. Wata shida tana kaɗowa daga arewa maso gabas, ta kawo jiragen fatake daga Oman da Farisa da Indiya, sannan ta juya ta mayar da su gida. A masallacin Kizimkazi da ke kudancin tsibirin akwai rubutu mai ɗauke da shekarar 500 bayan Hijira, wato 1107, shaidar daɗewar Musulunci a wurin. A ƙarni na 19 Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya mayar da fadarsa daga Maskat zuwa Zanzibar, ya kuma ƙarfafa noman kanumfari. Ɗansa Sarki Barghash ya gina Baitul Aja'ib a 1883, ginin da wani ɓangarensa ya rufta a watan Disamba na 2020. A gaban fadar da ke kusa da shi ne jiragen yaƙin Ingila suka yi luguden wuta ranar 27 ga Agusta, 1896, a yaƙin da bai cika awa guda ba.

Bai dace baƙo ya sha daɗin garin ya tsallake abin da aka gina shi a kai ba. Da guminsu bayi suka raya gonakin kanumfarin nan, kuma Zanzibar ta kasance babbar kasuwar bayi da hauren giwa a gabashin Afirka, har zuwa 1873 da aka rufe kasuwar bisa matsin lambar Ingila. A filin aka gina majami'ar Angilika da ke tsaye har yau. Kusa da ita akwai gidan tarihi da mutum-mutumin bayi a cikin rami, da sarƙa a wuyansu. Kuɗin shiga kaɗan ne, kuma ba a yi asarar su ba. Gabar da wancan zamani ya bari tana cikin abin da ya haifar da juyin juya halin 12 ga Janairu, 1964, wanda ya kifar da sarautar, aka kuma rasa rayuka masu yawa. A 26 ga Afrilu na shekarar Zanzibar ta haɗe da Tanganyika, aka sami Tanzaniya.

Da faɗuwar rana sai lambun Forodhani ya zama kasuwar abinci. Masu gashi sukan jera tebura da fitilu, ga kifi, ga jatan lande, ga ƙaguwa, ga mishkaki wanda ɗan uwan tsirenmu ne, ga kuma pweza, wata halittar teku mai hannuwa takwas. Matasa suna tsalle daga kan katanga suna faɗawa ruwa, iyalai suna zaune a kan ciyawa. Abu biyu ne ke kare mai ƙaramin guzuri a nan: ya tambayi farashi kafin a ɗora masa komai a faranti, ya kuma zaɓi abin da aka gasa a gabansa. Ruwan rake da aka matse da citta da lemun tsami ba ya da tsada, haka ma urojo, wani romo mai tsami da ake zuba wa dankali da ƙosan wake. Abincin rana kuwa ya fi daɗi da araha a ƙananan gidajen abinci na cikin lungu, inda ma'aikata da 'yan kasuwa ke cin pilau da biriyani da kifi a miyar kwakwa. Mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, don haka Bahaushe ba zai sha wahalar neman halal ko masallaci ba. Da azumi kuwa yawancin irin waɗannan wurare a rufe suke da rana.

Rana ta biyu ta kasuwa ce. Shagunan da ke kan hanyar baƙi sun ƙawatu, amma farashinsu na baƙi ne. Kasuwar Darajani, a gefen tsohon gari, nan ne mutanen gari suke cefane, kuma nan ne kanumfari da kirfa da masoro da gyaɗar ƙamshi suke da sauƙi. Ana ciniki kamar yadda muka saba, tayi da ragi, cikin raha ba tare da cin fuska ba. Mata za su so kanga, zane mai fala-fala da ake sayarwa biyu-biyu, kowanne da karin magana rubuce a gefensa da Suwahilanci. Ya kamata a nemi fassarar rubutun kafin a saya, domin wani addu'a ne, wani kuwa habaici ne da aka tsara don kishiya ko maƙwabciya. Ga maza akwai kofia, hula mai aikin zare wadda ba za ta yi baƙunta a kan Bahaushe ba. Abin da za a guje wa shi ne duk wani kayan ado na hauren giwa ko ƙoƙon kunkuru ko murjani, domin doka ta hana, kuma ana iya ƙwacewa a filin jirgi.

A kasuwar ne kunne zai fara jin dangantaka. Suwahilanci da Hausa sun ɗebo daga rijiya ɗaya, wato Larabci. Kanumfarinmu shi ne karafuu a bakinsu, labari shi ne habari, sabulu sabuni, lokaci wakati, duniya kuwa dunia ce. Sallama guda ce. Baƙon da ya koyi kalmomi goma yakan ga fuska ta sake masa, wani lokaci farashi ma ya sauko. Idan ƙafa ta gaji, akwai dandalin Jaws Corner, inda dattawa ke zama a kan dakali suna shan gahawa a ƙananan kofuna, suna taɓa siyasa da ƙwallo. Da yamma ana iya hayar kwalekwale a je tsibirin Changuu, tafiyar kamar rabin awa. An gina kurkuku a can a 1893, amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, sai ya koma wurin killace masu cuta. Yanzu manyan kunkuru ne ke zaune a wurin, waɗanda aka kawo kakanninsu daga tsibiran Seychelles a 1919. Idan baƙi suka haɗa kuɗin kwalekwalen, nauyin yakan ragu.

Rana ta uku ta teku ce, kuma a nan ake gane mai tsimi. Tasi zuwa Nungwi, a ƙarshen arewacin tsibirin, tana iya cinye kuɗin kwana guda. Motar haya da suke kira dala-dala kuwa tana kai mutum da ɗan canji, sai dai a matse, a kuma tsaya a kowane ƙauye. A Nungwi ruwa ba ya janyewa da nisa, ana iya iyo kusan duk yini, kuma har yanzu masassaƙa na haɗa jiragen katako da hannu a bakin gaɓa. A gabas, wajen Paje da Jambiani, teku yakan ja da baya sosai sau biyu a yini, ya bar fili na farin yashi. A lokacin ne mata ke shiga su duba gonakinsu na ciyawar teku, wadda suke ɗaurawa a igiyoyi, su shanya ta, a sayar zuwa ƙasashen waje. Mai neman shiru ya nufi gabas, amma ya tambayi lokacin cikar ruwa kafin ya ɗaura niyyar wanka.

A gaɓar ne kuma baƙo mai lura zai ga abin da hotunan talla ba sa nunawa. Manyan otal-otal, waɗanda da yawansu na 'yan kasuwar waje ne, sun jeru da wuraren ninƙaya da korayen lambuna, a bayan katangarsu kuma akwai ƙauyukan da mata ke bin layi da jarkoki. Baƙon da ya biya komai a dunƙule tun daga ƙasarsa, ya ci ya sha a cikin katanga, kaɗan ne daga kuɗinsa ke isa hannun ɗan ƙauyen. Mai ƙaramin guzuri kuwa a masaukin ɗan gari yake kwana, a wurin mai tuyar kifi yake cin abinci, dala-dala yake hawa, a Darajani yake tsaraba. Abin da ya kashe bai kai na attajirin ba, amma kusan duka a tsibirin yake tsayawa. Tsimin nasa ya amfane shi, ya kuma amfani masu masaukinsa.

Sai dai araha ba hujja ba ce ta matse talaka. Wanda ya biya dubban ɗaruruwa a tikitin jirgi, sannan ya tsaya ja-in-ja da mai sayar da kwakwa a kan shilin ɗari biyar, ya rage kuɗi a inda bai kamata ba. Haka nan tsibirin gida ne na mutane kafin ya zama wurin shaƙatawa. Suturar bakin teku ta tsaya a bakin teku, hoton mutum kuma sai da izininsa.

Mutanen Zanzibar suna da kalmar da suke yawan faɗa wa mai gaggawa: pole pole, wato sannu sannu. Mai kwana uku kacal yakan so ya cusa komai a cikinsu, har da dajin Jozani mai jajayen birai da gonakin kayan ƙamshi, sai ya koma gida da gajiyar da ta fi wadda ya zo da ita. Gara ya zaɓi abu biyu a yini, ya bar wa kansa la'asar guda wadda ba ya da abin yi a cikinta sai zama a inuwa yana kallon jiragen masunta suna dawowa. Wannan la'asar ba a biyan ko sisi a kanta, kuma saboda ita aka yi tafiyar.