BAUCIN YAKUBU: DAGA ƘOFOFIN GANUWA ZUWA ƘOFAR ƊAKIN HAIHUWA

Duk matafiyin da ya baro Jos da sassafe ya nufi gabas, bayan tafiyar kimanin kilomita 130 zai fara hango duwatsu sun yi wa wani gari ƙawanya, kai ka ce dogarai ne suka kewaye sarki. To, wannan shi ne Bauci, garin Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya kafa birnin a 1809, ya kuma gina masa ganuwa. Yawancin ganuwar ta zube, amma sunayen ƙofofinta suna nan a bakin jama'a: Ƙofar Ran, Ƙofar Wunti, Ƙofar Nasarawa, Ƙofar Wase, Ƙofar Idi, Ƙofar Dumi da sauransu. Tun 1976 garin ya zama hedkwatar jiha, kuma a cikinsa ne kabarin Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa yake, wanda aka kashe a watan Janairu na 1966.

Baƙi sukan zo su ga kabarin, su leƙa fadar Sarki, su yi sayayya a Kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, sa'an nan su zarce Yankari kallon giwaye. Amma akwai wani ayari da ba kasafai baƙo ke lura da shi ba. Da hantsi ya ɗaga, sai ka ga Keke Napep suna sauke mata a bakin asibitocin unguwa, kowace da hijabinta, da katin awo a naɗe cikin leda, wata da goyo a baya ga kuma ciki a gaba. Suna zaune a kan benci suna jiran a auna jininsu, a shafa cikin, a saurari bugun zuciyar ɗan tayi. Wanda yake son sanin halin da birnin Bauci ke ciki, to ya tsaya ya dubi wannan layi.

HAIHUWA YAƘIN MATA

Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka kira haihuwa yaƙin mata. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a cikin kowace haihuwa 100,000 a Nijeriya, mata 512 ne ke rasa rayukansu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta cewa a 2023 mata kimanin 260,000 suka mutu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu nasu 'yan Nijeriya ne. Wancan bincike na 2018 ya kuma nuna cewa macen Jihar Bauci takan haifi 'ya'ya bakwai a tsawon rayuwarta, bisa matsakaicin lissafi. Watau sau bakwai ke nan take fita wannan fagen fama.

Abokan gaba a wannan yaƙi sanannu ne. Na farko zubar jini bayan haihuwa, wanda kan iya gamawa da lafiyayyar mace cikin sa'o'i biyu kacal in ba a tare shi ba. Na biyu jijjiga, wadda hawan jini ke kawowa, kuma takan yi sallama kafin ta shigo: ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da hannuwa, da gani dishi-dishi. Sau da yawa akan ce iska ce, a tsaya hayaƙi da tofi, alhali kuwa akwai allurar da ke tsayar da ita a asibiti. Na uku zazzaɓin jego, da ƙwayoyin cuta ke haddasawa. Na huɗu doguwar naƙuda.

A cikin tsofaffin unguwanni irin su Jahun da Nasarawa, da ƙauyukan da ke kewaye, al'adar goyon ciki tana nan: yarinya mai cikin fari takan koma gidan iyayenta ta haihu. Al'ada ce mai kyau, domin babu mai jinyar 'ya kamar uwa. Amma akwai kunya a tare da ita. An horar da yarinya cewa mace ta gari ba ta raki, ba ta ma ambaton cikin fari, saboda haka sai naƙuda ta kama ta tun magariba ta yi ta cije baki a ƙuryar ɗaki, ba wanda ya sani sai gari ya waye. In kuma an gane, sai a jira maigida ya dawo daga kasuwa ko gona ya ba da izini. In ya ba da izini, sai neman mota, sai neman kuɗin mai. Ga wadda ke cikin gari tafiyar 'yan mintoci ce. Ga wadda ke wani lungu na Alƙaleri ko Toro ko Ganjuwa da damina, rafi ya kawo, wannan tafiya takan zama ta yini guda. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

HANYAR NINGI

Wanda ya fita daga Bauci ta hanyar Kano, ya wuce Kafin Madaki inda tsohon ginin Babban Gwani yake, bayan kimanin kilomita 100 zai isa Ningi. A ƙarni na 19 mutanen duwatsun Ningi sun daɗe suna gwabza yaƙi da sarakunan Bauci. A yau kuwa wannan hanya ita ce matan Bauci da na maƙwabtan jihohi ke bi neman waraka, domin a Ningi ne Gwamnatin Tarayya ke da cibiyar aikin yoyon fitsari, irin wadda ke Babbar Ruga a Katsina da ta Abakaliki.

Yadda wannan ciwo ke samuwa ba wani abu ne ɓoyayye ba. Idan naƙuda ta yi kwana biyu ko uku jariri bai fito ba, kansa yakan danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa a jikin ƙashin ƙugu. Jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya ɓare ya bar kafa. Daga nan fitsari ya dinga zuba dare da rana ba tare da mace ta iya riƙe shi ba. Galibi jaririn ma ba a same shi da rai ba. Yarinyar da aka aurar ƙugunta bai gama buɗewa ba ta fi shiga haɗari, amma uwar 'ya'ya takwas ma yana samunta. Yankan gishiri da ungozoma ko wanzami ke yi da aska shi ma yakan huda mafitsara.

Abin da ke biyo baya ya fi ciwon zafi. Mace ta daina zuwa biki da suna, ta rage shan ruwa don kada ta jiƙa tabarma, ta shiga damuwa a kan tsarkinta na salla, wani lokaci kuma takardar saki ta iske ta a gidan iyayenta. Alhali ciwon yana da magani. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, ya shafe shekaru masu yawa tun daga wajen 1984 yana ɗinke irin wannan kafa a Katsina da Kano, ya yi wa mata dubbai aiki, ya kuma horar da likitocin ƙasar nan da dama. Ya nuna cewa in an sa wa mace robar fitsari da wuri, da zarar yoyon ya fara, wata ƙaramar kafar takan rufe da kanta ba sai an yi tiyata ba. Wadda aka yi wa aiki kuwa, ana gargaɗinta da mijinta su dakata da kwanciya na wasu watanni, kuma haihuwa ta gaba lalle a asibiti za a yi ta. Ranar 23 ga Mayu ta kowace shekara Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin tunawa da waɗannan mata.

ABIN DA YA SAUYA

A cikin birni akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda ake tura haihuwar da ta gagari ƙananan asibitoci, akwai kuma Asibitin Ƙwararru na jiha. Tsakanin 2009 da 2015 wani shiri mai suna TSHIP, da tallafin Amurka, ya yi aiki a jihohin Bauci da Sakkwato, inda aka yaɗa ƙwayar misoprostol da mai jego ke sha da zarar ta sauka don tsayar da jini, da maganin shafa wa cibiyar jariri.

A 2023 aka bayyana sakamakon wani babban gwaji da aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Nijeriya. Dabarar mai sauƙi ce: a shimfiɗa wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai jego, a daina kintace da ido. Da jini ya kai rabin lita, watau cikin ledar ruwan sha guda, sai a haɗa dukkan magunguna a ba ta a lokaci ɗaya. Wannan ya rage mummunar zubar jini da kashi 60 cikin 100. A watan Nuwamba na 2024 kuma Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, wanda ɗan Misau ne a wannan jiha, ya ba da sanarwar yi wa mata marasa galihu tiyatar haihuwa kyauta.

Sai dai magani a kan kanta ba ya warkar da wadda ba ta iso ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya sau takwas kafin ta haihu, kuma wannan nauyi ne da ya hau kan maigida. Shi ne zai ba da izini tun ciki yana ƙarami, izinin da zai yi aiki ko yana gida ko ba ya nan. Shi ne zai ajiye kuɗin mota, ya san direban da zai buga wa ƙofa da tsakar dare, ya kuma tanadi 'yan'uwa biyu da za su ba da jini in an bukata. Surukai su ma su sassauta wa mai jego wankan tafasasshen ruwa da kunun kanwa mai yawa, domin tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta su da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Limamai da masu unguwanni kuwa, maganarsu ɗaya a kan mumbari ko a ƙofar gida ta fi allon sanarwa goma.

Malam Yakubu ya gina ganuwa ne domin mata da yara su kwana lafiya a cikinta. Jikokinsa ba su bukatar tubali da laka, amma amanar tana nan a wuyansu. Da la'asar, in baƙo ya sake bi ta bakin asibitin unguwa, zai tarar layin ya watse, sai ɗaiɗaikun maza a tsaye a gindin bishiya, riƙe da fulas da zannuwa, suna jiran a fito a ce musu an sauka lafiya. Allah Ya raba su lafiya, Ya raya abin da aka samu, amin.