Katin da Ya Yi Mana Aikin Waya

A watan Satumba na shekarar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Kafin nan an hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, sai dai su zagaya ta Funtuwa. Mu a lokacin muna aji biyar na sakandare, a garinmu Sheme. Abokanmu da yawa iyayensu sun kwashe su zuwa Funtuwa da Zariya. Babu kira, babu WhatsApp. Su ba su san halin da muke ciki ba, sai jita-jita, mu ma haka.

Mu huɗu muka yanke shawarar aika musu da katin gaisuwa. Babu inda ake sayar da shi a kusa, don haka muka ce mu yi da hannunmu. Mun sha ganin hatimin roba a kan teburin shugaban makaranta, muka ce ai mu ma za mu iya sassaƙa namu.

Kayan aikin duk na gida ne: tsohon silifa, reza, bangon tsofaffin littattafan rubutu, guntayen atamfa daga shagon tela, da ƙaro da muka jiƙa ya zama gam. Tawada kuwa wajen almajirai muka samo, muka zuba ta a guntun soson katifa.

Yini guda muka yi muna sassaƙa kalmomi biyu a ƙasan silifa: MUNA LAFIYA. Ɗayanmu har ya yanke yatsa. Da muka dangwala a tawada muka buga, sai rubutun ya fito a juye, ba mai iya karanta shi sai da madubi. Muka yi dariya har da hawaye, amma ranmu ya ɓaci, don silifa ɗaya ya rage.

Ga abin da kuskuren ya koya mana, ko za ku gwada. Ku rubuta kalmar da fensir mai duhu a takarda, ku kifa ta a kan robar, ku murza bayanta da cokali. Rubutun zai hau a juye, shi za ku bi da reza, kuna cire abin da ke gefen haruffa. Ku yi manyan haruffa, ƙanana gutsurewa suke yi. Kada ku cika tawada, kada hannu ya motsa bayan kun danna. Sai tawada ta bushe sannan a manna ado. Reza kuma a tura ta gaba, nesa da yatsu.

Kati goma sha biyu muka yi. Kowanne da dagin Arewa a kusurwa, da ƙyallen atamfa a gefe, a ciki kuma kowa ya rubuta nasa saƙon da biro. Wani direba maƙwabcinmu ya karɓa. Ya ce, “Yara, wannan ai ba kaya ba ne, ku riƙe kuɗinku.”

Bayan mako uku ya kawo amsa ɗaya tak. Abokinmu ya rubuto cewa an gaya musu an tashi unguwarmu gaba ɗaya, mahaifiyarsa ta kwana biyu ba ta iya cin abinci saboda ƙanwarta da ke can. Da ta ga katin, sai ta ce a sake karanta mata. Sauran goma sha ɗayan, har yau akwai waɗanda ba mu sake jin ɗuriyar masu su ba.

Yanzu muna jami'a, waya na hannunmu, gaisuwar Sallah sai mu tura wa mutum ɗari da danna ɗaya. Amma hatimin nan yana nan a akwati. Duk Sallah mukan ciro shi mu buga kati biyu ko uku. Ku ma kafin Sallah mai zuwa, ku tuna da wanda kuka daɗe ba ku gaisa ba, ku nemo tsohon silifa.