A Harlem Ƙafa Ma Tana Kiɗa

Duk wanda ya tashi a Jega ya san rabon aiki a fagen wasa: makaɗi da kalangu a hammata, mai rawa a tsakiyar fili, 'yan kallo da kuɗin liƙi a hannu. Da wannan sanin na shiga wani ƙaramin zauren wasa a unguwar Harlem ta birnin New York, bisa nacin wani ɗan'uwa mutumin Aliero da ke tuƙin tasi a can. "Malam, zo ka ga yadda gangarmu ta koma a ƙasar nan," in ji shi.

A kan dandamali akwai mutum biyu da jembe, gangar mutanen Mali da Gini, ga mai fiyano, ga mai busa saksofon. Can sai wata mata ta fito, ta shimfiɗa faifan katako, ta hau da takalmi mai ƙarfe a baki da dunduniya. Ina jiran a kaɗa mata, sai na ji ita ta fara. Ƙafafunta suka zubo kiɗa tar-tar, mai jembe ya karkata kai yana saurare, ya mayar mata da abin da ta faɗa har da ƙari. Ta karɓe, ta karya shi gida biyu, ta miƙa wa mai busa. Babu wanda ya tashi yin liƙi. Zauren ya yi tsit, domin ƙaramin motsi zai rufe sautin dunduniyarta, kuma ba a tafi sai mutum ya kai aya.

Rawar, wadda suke kira tap, tana da tarihi mai ciwo. Bayan boren bayi na Stono a 1739, hukumar Karolina ta Kudu ta yi doka a 1740 da ta hana bayi riƙe ganga da ƙaho, don tsoron kada su kira juna da su. Waɗanda aka raba da ganga suka koma tafi da bugun ƙirji da dukan ƙasa da ƙafa. Daga baya salon ya cuɗanya da rawar 'yan ci-ranin Ailan a unguwannin talakawa irin su Five Points, inda William Henry Lane, wanda aka fi sani da Master Juba, ya yi suna a shekarun 1840. Ita kuwa gangar sai ta sake ƙetare teku a ƙarni na 20. Makaɗin ganga Babatunde Olatunji, mutumin Ajido kusa da Badagiri, ya buɗe cibiyar al'adun Afirka a nan Harlem, kuma a cikinta mai busa saksofon John Coltrane ya yi ɗaya daga wasanninsa na ƙarshe a Afrilun 1967.

Ina zaune ina tambayar kaina ko da gaske mai rawa a wurinmu ba ya kiɗa. 'Yan Koroso suna ɗaura kacau-kacau a ƙafa. Ɗan dambe a filin Maiyama bayan kaka, da ya ji takensa jikinsa ke ɗaukar tsuma, mai kalangu kuma idonsa na kan takunsa. Ashe musayar tana nan a gida. Abin da ban saba gani ba shi ne a lissafa mai rawa cikin makaɗa, har ganga ta yi shiru don a ji shi.

Akwai kuma abin da kunnena ya nema ya rasa. Kalangu magana yake yi: a matse igiyoyinsa, a sassauta, ya kira sunan mutum da na ubansa, mahauci ya ji daga bakin kasuwa ya san da shi ake. Gangar daren nan ba ta kira kowa ba. Ta yi gudu, ta yi daɗi, amma harshen ya tsaya a wancan gefen teku. Kuma a garin, in an ce kiɗan Afirka, jembe ake nufi. Kotso da kalangu da gurmi ba su cikin lissafi.

Amma an taɓa samun wanda ya biyo sawunsu har gida. Yusef Lateef, babban mai busa da ya tashi a Detroit kuma Musulmi, ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Sarewar Fulani ya duƙufa a kai, kuma a 1983 ya ɗauki faifansa mai suna In Nigeria tare da makaɗan ƙasar nan. Mutum ne da duniya ta riga ta sani, ya haura shekara sittin, ya zo ya zauna gaban waɗanda mu muke kira maroƙa yana koyo.

Abin ya tsaya mini a rai, domin a bukukuwanmu yanzu fiyano da kwamfuta sun karɓe aikin mai kalangu, 'ya'yan makaɗa da yawa kuma ba su son gadon. Da aka tashi daga wasan, mai jembe ɗaya, haifaffen Konakiri, ya ji mu muna Hausa ya matso. Tambayarsa ita ce ko har yanzu ana samun kalangu mai kyau a wajenmu, da nawa za a kawo masa guda.