Malamin Baitulmali da Motar Tsohuwa

A cikin shekarar 1962 aka aiki wani malamin baitulmali zuwa Ingila domin ya ƙaro ilmin sha'anin mulki. Aka sauke shi gidan wata tsohuwa wadda mijinta ya rasu ya bar mata baƙar mota ƙirar Morris Minor. Ba ta da abin da ta ke ji da shi kamar motar nan. Kowace Lahadi sai ta goge ta har mutum ya ga fuskarsa a jiki.

Ran 26 ga Disamba dusar ƙanƙara ta sauko, aka shiga hunturun da Turawa suka ce ba a ga irinsa ba tun 1740. Da malamin ya idar da sallar asuba ya leƙa, sai ya ga motar ta zama tudu fari fat. Ya ce a ransa, yau ga ranar rama alheri, gama tsohuwar nan ta riƙe shi kamar ɗa. Ya ɗora buta a wuta, ya ɗauki shebur ɗin da a ke ɗibar kwal, ya fita. Kwasa ta uku sai ya ji ƙarar ƙarfe bisa ƙarfe. Ya share da hannu, ga zane fari kamar tsawon kamu a kan bonet.

Yana tsaye jiki ya mutu, sai ga tsohuwa a bakin ƙofa, riƙe da butarsa. Ta ce, "Ɗana, wannan fa ta mene ne?" Ya ce, "Ta gilashi ce, Iya." Ta ce, "Ka gode Allah na riga ka." Ashe gilashin da ya sha sanyi, in aka kwara masa tafasasshen ruwa, wajen ya buɗe cikin bai buɗe ba, sai ya tsage.

Ta dubi zanen, ta daɗe ba ta ce kome ba. Sa'an nan ta kawo buroshi mai laushi, ta nuna masa. Da fari a tone bakin salansa, domin in ya toshe hayaƙi ya koma cikin mota yana kisa. A ta da inji ya yi ɗumi. A fara daga rufi a gangaro, ana turawa a hankali, ba a dannawa, ba a cuɗawa. Abin kankara na roba gilashi kaɗai ya ke taɓawa. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne, ba ta yarda buroshi ya kai ga fenti sosai. Sai ta bar ɗan siririn abin da ya manne, zafin inji ya narkar da shi. Dusa ita kanta ba ta cika yin ɓarna ba. Yashi da tsakuwar hanya da ke kwance a ƙarƙashinta su ne mugaye, kowane jan hannu sai su karci fenti.

Nan fa kunya ta ƙara kama shi, gama ya san wannan tun a gida. Wane direban En'e ne zai sa busasshen tsumma a jikin mota da hazon hunturu? Sai ya kaɗe ƙura tukuna, ya zuba ruwa, kana ya goge. Farin abin ne ya ruɗe shi, ya ɗauka abu mai taushi ba ya ɓoye yashi.

Ya kawo kuɗin gyara daga ɗan guzurinsa, ta ƙi karɓa. Amma zanen ya kai ga ƙarfe, gishirin da a ke watsa wa hanyoyi kuwa maza ya ke kawo tsatsa, ga shi fenti ba ya kamawa da irin wannan sanyi. Sai suka shafe wurin da kakin goge mota. Kullum da safe shi ke fita da buroshi, har farkon Maris 1963 da ƙanƙara ta sake ƙasa. Ranar ya sayo ɗan gwangwanin baƙin fenti, ya durƙusa ya cike zanen, tsohuwa na riƙe masa murfin.