Dokin Mai Baki Ya Fi Gudu

Masu iya magana suna cewa dokin mai baki ya fi gudu. Mu mutanen Gaya da Ajingi masu sha'awar kallon sukuwa mun daɗe da tabbatar da wannan karin magana, domin kuwa ita ke mulki a yawancin filayen da muke zuwa kallo. Za a yi gasa, dawaki su yi gudu, ƙura ta tashi ta kwanta, amma bayan mako guda in ka tambayi mutum uku dokin da ya zo na ɗaya, sai ka ji suna uku, kuma wanda ya fi ɗaga murya shi za a bai wa gaskiya. Dalili kuwa shi ne rashin takarda. Ba a sanar da jama'a jerin dawakin da za su shiga kafin a fara, ba a kuma ajiye sakamako a rubuce bayan an tashi. Idan ma akwai takardar, to tana aljihun mutum biyu ko uku a rumfar manya. Wannan shi ne kukanmu, kuma mun ga ya dace mu kawo shi gaban ma'abota alƙalami.

Da farko bari mu faɗi ko mu su wane ne. A cikinmu akwai manoma, da maƙera, da masu facin taya, da malaman firamare, da masu kasa kaya a kasuwar Kademi. Wasu daga cikin garin Gaya suke, wasu daga Gamarya da Shagogo, wasu kuma daga Toranke da Gafasa da Balare ta ɓangaren Ajingi. Akasarinmu ba mu da ko ƙuru a turke, balle ingarma. Sai dai mun tashi muna bin mahaya a guje ranar Sallah, muna kallon kilisar angwaye, kuma da zarar an yanke gero an kwashe kara, fili ya buɗe, mun san lokacin sukuwa ya yi. Tun muna yara muka iya rarrabe akawali da bikili, da kili da hurde, da danda da gunya. Ba kuma abin mamaki ba ne, tunda Gaya garin maƙera ne tun asali. Tarihin baka ya nuna cewa daga nan wani maƙeri mai suna Kano ya tashi neman tama har ya sauka a gindin Dala, kuma har gobe ana kiran zuriyarsa Abagayawa. Linzami da likkafa kuwa a maƙera ake haihuwarsu.

To, mutumin da ke son kallon babbar gasa daga wannan yanki dole ya yi shiri. Zai bar sana'arsa ta yini guda, ya nemi mota zuwa Wudil, ya haye gada ya nufi Kano ko wani gari mai nisa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin wannan tafiya ya zama abin da magidanci zai zauna ya yi lissafi a kansa, domin daga bakin iyali ake tsakuro shi. Akwai wata kaka da muka yi karo-karo muka ɗauki shatar bas, saboda labari ya game gari cewa wani shahararren doki zai zo daga Nijar ya kara da wani na gida. Muka bi asuba, muka isa da hantsi, muka tsaya cikin rana har la'asar sakaliya. Aka yi zagaye na ɗaya, aka yi na biyu, aka yi na ƙarshe, babu dokin babu dalilinsa. Mai lasifika bai ce uffan ba, yana can yana ta jero kirarin manyan baƙi. Da aka tashi, dattijon cikinmu ya matsa kusa da wani ɗan kwamiti ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ina baƙon namu na Nijar?" Sai ya amsa da cewa, "Ai Baba, tun shekaranjiya muka san ba zai zo ba." Wato sun sani tun kwana biyu, amma babu wanda ya ga ya kamata a gaya wa mutanen da za su ɗauko hanya.

Asarar kuɗin mota ita ce mafi ƙanƙanta a cikin illolin wannan al'amari. Ta biyu ita ce buɗe ƙofar maguɗi. Sanin kowa ne cewa ba a haɗa kowane doki da kowane a fage ɗaya. Dokinmu na Arewa yana da ajinsa, na Sudan yana da nasa, haka nan wanda ke da jinin dawakin Turai. Idan babu jeri da aka kafe tun da wuri, mai nuna sunan doki da launinsa da ajinsa da mai shi, me zai hana a shigo da babban doki cikin ƙanana da sabon suna? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba mu ce mun kama wani da hannu dumu-dumu ba, amma duk wanda ya saba zuwa fili ya san irin gunagunin da ke tashi idan baƙon doki ya bar sauran da tazarar da hankali ba zai ɗauka ba. Mai gaskiya ma zargin yakan shafe shi, tunda ba shi da takardar da zai nuna ya wanke kansa.

Illa ta uku ita ta fi ci mana tuwo a ƙwarya. Yaran da ke hawan dawakin nan 'ya'yan talakawa ne, irin ƙannenmu da 'ya'yanmu, an zaɓe su saboda rashin nauyin jiki da ƙarfin zuciya. Su ke kwana a barga, su ke yankan ciyawa da jiƙa dusa da kanwa, su ke sa ransu a tafin hannu idan an saki linzami. Amma idan doki ya ci, sunan Alhaji mai doki za a kira, a miƙa masa kofi, a ɗauki hoto. Yaron yana gefe riƙe da ragama yana haki. Idan kuwa tsautsayi ya gitta ya faɗi ya karye, sai ka ji ana tambayar ɗan wane gari ne, domin babu inda aka rubuta sunansa. Layi ɗaya a takarda ya isa ya ba wannan yaro matsayinsa na ɗan wasa.

Turawan Ingila da suka shata filayen sukuwa a Ikko da Kaduna da Kano sun sha irin wannan matsala a ƙasarsu. A shekarar 1844, a babbar gasar Dabi ta garin Epsom wadda aka keɓe wa dawaki 'yan shekara 3, wani doki da aka shigar da sunan Running Rein ya zo na ɗaya. Da magana ta kai kotu, sai ta bayyana cewa wani doki ne daban mai suna Maccabeus, ɗan shekara 4. Aka ƙwace nasarar aka bai wa Orlando da ya zo na biyu. Abin da ya sa aka iya bin diddigin wannan zamba shi ne akwai rubutu. Tun 1773 gidan Weatherby ke buga kundin gasannin sukuwa da sakamakonsu, kuma a 1791 suka soma littafin asalin dawaki, wanda ke nuna uwar kowane doki da ubansa. A yau ɗan kallo a can yana riƙe da 'yar takarda mai sunan doki da mai shi da mai horar da shi da mahayinsa da nauyin da zai ɗauka. Haka abin yake a Amurka wajen masu tseren motoci bibbiyu a miƙaƙƙen titi, waɗanda Wally Parks ya kafa wa ƙungiya a 1951. Tsere ne da manyan motocinsa ke gamawa cikin ƙasa da daƙiƙa 4, amma duk da haka ana fitar da jerin direbobi tun kafin ranar, saboda mai niyyar zuwa ya san abin da zai je gani.

Kada wani ya ce wannan al'adar Nasara ce muke son ɗora wa kanmu. Duk wanda ya karanta Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, zai ga yadda marubucinsa ke tsayawa ya jero sunayen baraden sarki ɗaya bayan ɗaya. A nan ne muka san cewa a zamanin Kanajeji aka shigo da lifidi da sulke. Da malamin nan ya yi ƙyuyar rubuta suna, da yau ba mu san kowa ba. Dubi kuma Hawan Sallah na Kano, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024. Kowane hakimi ya san gurbinsa, ya san wanda ke gabansa da wanda ke bayansa, kuma maroƙa na shelanta shi tun kafin ya iso. Daɗin daɗawa, ga maƙwabtanmu na Nijar da kokawarsu ta neman takobi, wadda aka soma a Tawa a 1975, inda Yakuba Kantu na Maradi ya fara ɗauka. Jihohi 8 ne, kowace na kawo 'yan kokawa 10, kuma tun kafin a shiga fili ana jin sunayensu a rediyo. Shi ya sa ɗan ƙaramin yaro a Damagaram zai iya lissafa maka sarakunan kokawa shekara bi shekara, mu kuwa ba za mu iya gaya maka dokin da ya ci a bara waccan ba sai da gardama.

Adalci ne mu faɗi uzurin masu shirya gasa, domin mun zauna da wasunsu. Doki rai gare shi, yana iya kwana lafiya ya tashi da ciwon ciki ko ɗingishi. Na nesa kuma a babbar mota ake ɗauko su, hanya na iya hana su isowa, kamar yadda aka gani lokacin da aka rufe iyakar Nijeriya da Nijar daga watan Agusta na 2023 zuwa Maris na 2024. Sannan masu dawakin manyan mutane ne, idan ɗaya ya turo dokinsa ana saura sa'a guda a fara, wane sakataren kwamiti ne zai dubi idonsa ya ce an rufe rajista? Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Akwai kuma abin da wani tsohon mai kiwon doki a ƙasar Ajingi ya taɓa gaya mana. Muka ce masa, "Baba, me ya sa iyayen gidanku ke ɓoye sunan doki sai ranar gasa?" Ya yi dariya ya ce, "Samari ke nan! Ku ba ku san baki ba? In ka faɗi dokinka tun da wuri, ka ba maƙiyi kwana biyu ya yi aiki a kansa." Mun ji wannan, ba mu kuma raina shi ba. Sai dai mun lura cewa masu barga sun riga sun san dawakin juna ciki da bai. Wanda ake ɓoye wa kawai shi ne ɗan kallo, wanda ba shi da komai sai tafi da shewa.

Saboda haka roƙonmu bai taka kara ya karya ba. A rufe rajista ana saura kwana 2, kuma dokar ta hau kan kowa. A rubuta sunan doki da launinsa da ajinsa, da sunan mai shi da garinsa, da sunan mahayi. A karanta jerin a gidajen rediyon Kano, a tura shi ta wayar hannu, a liƙa shi a tashar mota da ƙofar fada, da boko da ajami, domin dattawanmu da yawa ajami suke karantawa. Dokin da ya janye a sanar da janyewarsa nan take, ko da a lasifika ne. Bayan an tashi a shigar da sakamako cikin littafi guda mai bango mai ƙarfi, a damƙa shi ga amintaccen mutum. Kuɗin wannan aiki duka bai kai na harawar doki ɗaya ta mako guda ba. A nan gida ma, tunda Gaya na da masarautarta wadda ta haɗa da Ajingi da Albasu, ba abu ne mai wuya ba a fara wannan littafi da 'yan sukuwar da ake yi bayan kaka.

Daga ƙarshe muna juyowa gare ku marubuta. Dawaki nawa ne suka yi gudu a ƙasar Hausa a zamanin Narambaɗa? Allah kaɗai Ya san adadinsu. Amma guda ɗaya ne kowa ke ambato har yau, wato Dokin Iska Ɗanfilinge, saboda shi ne ya sami wanda ya adana sunansa a waƙa. Makaɗan fada irin na da sun yi ƙaranci, nauyin ya dawo kan masu biro da takarda. Kun rubuta soyayya, kun rubuta siyasa, to ku leƙo filin sukuwa ku ga abin rubutu: yaron da ke kwana a gindin turke, da attajirin da ya sayar da gona saboda doki, da tsohon da ke gane gudun dabba daga tsayuwarta. Mu dai mun soma namu, akwai malamin makaranta a cikinmu da ke zuwa fili da ɗan littafinsa yana rubuta abin da ido ya gani. Idan kwamitoci suka ba shi jeri na gaskiya, aikinsa zai yi sauƙi, jikokinmu kuma su huta da gardama. Allah Ya kiyaye mahaya, Ya ba masu shirya gasa ikon sauraren 'yan kallo, amin.