Lamba 34: Majefin Da Ya Dawo Da Mutanensa Fili

Mai karatu, a ce wani marubucin fim ya kawo maka labari kamar haka: jarumin wata ƙungiya ya mutu saura kwana uku a fara wasan ƙarshe, kuma da abokan hamayyar da shi kansa ya kayar shekara 43 baya za a kara. Ƙungiyar ta ci kofi, sannan ranar da aka fito zagaya gari da kofin ta dace da ranar haihuwar mamacin. Na tabbata za ka mayar masa da takardunsa ka ce, "Malam, rage gishiri." To amma wannan ba ƙagaggen labari ba ne. Haka ya faru a birnin Los Anjeles na ƙasar Amurka a shekarar 2024, kuma sunan jarumin Fernando Valenzuela.

Ni ta hanyar fim na san wasan besbol, don Amurkawa ba su gajiya da yin finafinai a kansa. Shi kuwa Fernando na fara saninsa sosai ne a wani fim na tarihi mai suna Fernando Nation, wanda Cruz Angeles ya ba da umarni, tashar ESPN ta nuna a 2010. Tun daga nan labarinsa ya zauna mini a rai.

Bari in ɗan yi maka bayanin wasan a gurguje, kada in bar ka a duhu. Kowane ɓangare mutum tara ne. Majefi yana tsayawa kan wani ɗan tudu a tsakiyar fili, ya wurga ƙwallo mai tauri, wadda ba ta wuce cikin tafin hannu ba, zuwa ga mai riƙe da kulki da ke tsaye kamar mita 18 daga gare shi. In mai kulki ya kuskure sau uku, ya fita. In ya maka ta, sai ya ruga ya bi tashoshi huɗu. Duk wanda ya kewayo gida an ci maki ɗaya. Zagaye tara ake yi. Wato dai majefi shi ne mai riƙe da akalar wasa, don ba abin da ke motsi sai ƙwallo ta bar hannunsa. Kakar wasa kuwa doguwa ce: wasa 162 kowace ƙungiya ke bugawa daga wajejen ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum. Magoya baya na bin ta ne kamar yadda kake bin littafi mai kashi-kashi, yau daɗi gobe takaici.

Kafin ka gane abin da Fernando ya yi, sai ka san ƙasar da aka gina filin wasan Dodgers a kai. Sunan wurin Chavez Ravine, kuma a da unguwanni ne na talakawa 'yan asalin ƙasar Meziko. A farkon shekarun 1950 hukumar birni ta tashe su da alƙawarin za a gina gidaje masu sauƙin kuɗi, su ne ma za a fara ba. Aka soke shirin, gidaje ba su samu ba. Da ƙungiyar Dodgers ta taso daga Brooklyn ta dawo Los Anjeles a 1958, sai filin ya faɗa hannunta. A watan Mayu na 1959 jami'an tsaro suka fitar da ragowar iyalan da ƙarfin tsiya, har aka ciccibo wata mata daga gidansu a gaban kyamarorin talabijin. Aka buɗe filin wasa a 1962. Kai mai karatu, in kan gidan kakarka aka gina wuri, za ka sayi tikiti ka shiga ka yi tafi? Da yawa daga cikinsu sun ƙaurace wa filin shekara da shekaru.

Ana nan sai ga wani yaro daga ƙauyen Etchohuaquila a jihar Sonora ta Meziko, auta a cikin 'ya'ya 12, an haife shi ran 1 ga Nuwamba, 1960. Bahago ne, mai ƙiba, ga kumatu, ga suma, kuma bai jin Turanci. In a fim ne, babu daraktan da zai ba shi jarumi. Sai dai abokin jarumi mai ba da dariya. Ranar buɗe kakar 1981 majefin da aka shirya zai fara, Jerry Reuss, ya ji ciwo, sai aka miƙa wa yaron ƙwallo. Ya yi jifa tun daga farko har ƙarshe, ƙungiyar Houston Astros ba ta ci ko maki ɗaya ba, aka tashi 2 da 0. Wasanni takwas na farko da ya fara duk ya cinye su, a biyar daga ciki ba a ci shi komai ba. Yana da shekara 20!

Makaminsa wani irin jifa ne na murɗe, wanda ƙwallo ke kaucewa ta ɓangaren da mai kulki bai zata ba. Wani abokin wasansa, Bobby Castillo, ya koya masa. Sannan yana da wata ɗabi'a: in ya ɗaga ƙafa zai yi jifa, sai ya wulƙita idanunsa sama, kamar ba ruwansa da wanda ke gabansa. Wannan kallon sama ya yi suna har an ambace shi a fim ɗin Bull Durham na 1988, wanda Kevin Costner da Susan Sarandon suka fito.

Abin da ya biyo baya shi ne aka raɗa wa suna Fernandomania, wato zazzaɓin Fernando. Duk ranar da zai yi jifa fili ya cika maƙil, ga tutocin Meziko, ga kiɗan gargajiyarsu. Masu wanke-wanke a gidajen abinci, leburorin gini, masu aikin lambu, mutanen da birnin ke amfana da guminsu amma ba ya ganinsu, su ne suka cika kujeru. Wanda bai samu shiga ba yana maƙale da rediyo, yana sauraron Jaime Jarrín da ke kawo wasan da Sifaniyanci, wanda kuma shi ne ke yi wa Fernando tafinta a gaban 'yan jarida. Suka sa masa laƙabi El Toro, wato Bijimi. A wannan shekarar ya karɓi kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa, ya haɗa da kyautar Cy Young ta gwarzon majefa. Shi ne mutum na farko da ya haɗa biyun a shekara guda.

Wasan da ya fi burge ni a tarihinsa ba shi ne wanda ya fi ƙwarewa a ciki ba. A zagayen ƙarshe na 1981, wanda suke kira World Series, ƙungiyar Yankees ta birnin Niyok ta cinye wasa biyu na farko. A na uku, ran 23 ga Oktoba, Fernando ya fito hannunsa ba ya zaune. Aka yi ta dukan ƙwallonsa, ya shiga rami ya fita, ya sake shiga. Kociyansa Tommy Lasorda ya ƙi cire shi. Ya daure har zagaye na tara, aka tashi 5 da 4. Daga nan Dodgers ba su sake faɗuwa ba har suka ɗauki kofin. Irin jarumin da nake so ke nan a fim: wanda za ka ga yana shan wuya, ba wanda ko hularsa ba ta faɗuwa ba.

Sai dai hannu ba ƙarfe ba ne. Yawan jifa ya cinye masa kafaɗa. Ya yi wata bajinta ta ƙarshe ran 29 ga Yuni, 1990, inda ya hana St. Louis Cardinals samun ko bugu ɗaya mai kyau a dukan wasan, amma a farkon 1991 Dodgers suka sallame shi. Ya yi yawo a wasu ƙungiyoyi, sannan a 2003 ya dawo gida a matsayin mai sharhin wasa da Sifaniyanci.

Ga inda nake so mu tsaya mu yi tunani. A lissafi, Fernando ya ci wasa 173, an ci shi 153. Da 'yan jaridar da ke zaɓen waɗanda za a sa a zauren gwarzayen besbol suka duba sunansa a 2003 da 2004, ba su ba shi ƙuri'un da ake buƙata ba. Dodgers kuma al'adarsu ita ce ba su jingine lambar ɗan wasa sai wanda ya shiga wancan zauren, in ban da mutum guda. Amma tun da ya tafi ba a sake ba kowa riga mai lamba 34 ba, magoya baya kuwa ita suke saye suna sawa, har yaran da ba a haifa ba lokacin da yake wasa. Sai a watan Agusta na 2023 ƙungiyar ta bi bayan jama'a, ta jingine lambar a hukumance. Mu masu sharhi mun iya ƙirga kyaututtuka da auna ƙwarewa, amma akwai abin da ma'auninmu ba ya kamawa. Da me za ka auna ranar da uba ya kama hannun ɗansa ya kai shi wurin da ya yi rantsuwar ba zai taka ba, don kawai akwai mai kama da su a tsakiyar fili?

Kakar 2024 ta Shohei Ohtani ce, ɗan ƙasar Japan da ya zama na farko da ya fitar da ƙwallo waje sau 50 ya kuma saci tasha sau 50 a kaka ɗaya. Dodgers suka ci wasa 98. Ana wannan murna sai aka daina jin muryar Fernando a rediyo, aka ce yana jinya. Ya mutu ran 22 ga Oktoba yana da shekara 63. Jama'a suka yi ta kai furanni da kyandir da tutoci ƙofar filin wasa, wato kan ƙasar Chavez Ravine ɗin nan dai.

Ran 25 ga wata aka fara karawa da Yankees, 'yan wasa ɗauke da lamba 34 a rigunansu. Maimakon jifan buɗe taro da aka saba, tsofaffin abokan wasansa biyu, Orel Hershiser da Steve Yeager, suka ajiye ƙwallo a kan tudun majefi suka bar ta nan. A zagaye na goma ana cin Dodgers, sai Freddie Freeman, da ke fama da ciwon idon sawu, ya maka ƙwallo waje, mutum huɗu suka shigo gida, wasa ya ƙare nan take. A wasa na biyar a Niyok an ci su 5 da 0, suka farfaɗo suka ci 7 da 6. Ran 1 ga Nuwamba aka zagaya gari da kofi, ranar da zai cika shekara 64.

Kada ka ɗauka wannan ya biya mutanen Chavez Ravine gidajensu. Bai biya ba, kuma akwai jikokinsu da suka ci gaba da neman a yi musu adalci. Abin da Fernando ya yi shi ne ya sa ɗimbin jama'a sun ji cewa su ma birnin nasu ne. In ka samu Fernando Nation ka kalla, mai karatu, kada idonka ya tsaya kan majefin kawai. Dubi fuskokin da ke kan kujeru, a nan labarin yake.