Waɗanda Suka Yafe Ƙafar da Ba Tasu Ba

Ana idar da sallar isha'i wayar ta shigo. Wata murya da ban sani ba ta ce, "Kai ne yayan telan nan na Tasawa?" Na ce ni ne. Mutumin ya ce motarsu ta kife tsakanin Agye da Gazawa, ƙanena yana da rai, amma in taho.

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Dosso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni da Maraɗi har Damagaram da Diffa, ya san halinta da zarar magariba ta faɗi. Kwalta ɗaya ce, babu abin da ya raba mai zuwa da mai dawowa. A kanta manyan motoci ke bi, da bas-bas masu gudu kamar ana korarsu, da Hiace da aka lafta wa kaya har suka fi ta tsawo, da ƴan kabu-kabu, da amalanken shanu masu dawowa daga kasuwa ba fitila ba komai. Abin da ya faru ke nan. Amalanke a gaba, babbar mota ta dallaro fitila, direba ya kauce, taya ta faɗa gefen kwalta inda ruwa ya zaizaye, mota ta wuntsila. Mutum 2 ba su tashi ba, Allah ya ji ƙansu. Ƙanena, da ya saro yadudduka a Maraɗi zai koma shagonsa, ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu a ƙasan gwiwa. Da ita yake taka keken ɗinki, da keken yake ciyar da mace da yara 3.

Rigimar farko a bakin gadon asibiti aka yi ta. Inna da ƴan'uwanta suka dage a ɗauke shi a kai wa maɗori, wai asibiti yanke ƙafa suke yi. Ba na raina maɗora, na ga karayar da suka ɗora ta kama. Amma wannan ƙashi ya fasa fata ya fito. Na hana, aka yi ta fushi da ni. Ban san ba a lokacin cewa wannan hanawa za ta yi mana wani amfani na daban, domin maɗori ba ya ba da takarda, ita kuwa hukuma ba ta san ciwon da ba a rubuta ba.

Ranar kwana 3 sai ga mai motar da dattawan unguwarsu. Suka yi jaje, suka yi addu'a, suka ajiye jika 50 a gefen tabarma. Baffanmu, wanda shi ne babba tun rasuwar mahaifinmu, bai bari sun rufe baki ba ya ce, "Haba, ai ƙaddara ce. Abin da Allah ya rubuta ba mai kankare shi. Mun yafe duniya da lahira." Kowa ya ce madalla. Ni ma na ce madalla. Daga nan wani matashi a cikinsu ya zaro takarda da Faransanci, ya ce a sa hannu kawai don a nuna an daidaita. Aka miƙo mini, tunda ni ne na yi lakwal. Ba jarumtaka ce ta hana ni sa hannu ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Biro ne babu a kusa, ga shi an kira la'asar, sai na ninke ta na sa aljihu na ce sai gobe.

Da dare ina zaune kusa da gadonsa, na ɗauka ya yi barci, sai na ji ya ce, "Yaya, su wa suka yafe?" Na ce su Baffa. Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "To su Baffa za su biya mini hayar shago?"

Ban iya ba shi amsa ba. Na fita waje na buɗe takardar a ƙarƙashin fitila, na karanta ta a tsanake. Cewa take yi mun karɓi abin da ya gamsar da mu, ba mu da sauran magana da kowa a kan wannan hatsari.

Washegari na fara neman wanda zai ce mini wani abu, sai na gane ban san ko ƙofar da ake bugawa ba. Lauyoyin ƙasarmu galibinsu a Yamai suke, sama da kilomita 600 daga Maraɗi, kuma ni a tunanina lauya na mai kuɗi ne. Wani abokina da muka yi lakwal tare shi ya ce in je babbar kotu in tambayi ofishin ANAJJ, hukumar da aka kafa da dokar 2011 don taimaka wa marasa hali da shawarar shari'a. Na je ina jin nauyi, kamar wanda ya je roƙo. Wata mata ce ta saurare ni har na gama, ta karanta takardar, ta ɗago ta ce, "Malam, motar tana da asurans?" Na ce ban sani ba. Ta ce to daga nan za mu fara.

A wurinta na fara jin sunan dokar CIMA, dokar inshora da ƙasashe 14 ke aiki da ita, har da Nijar da Kamaru da Cadi, tun yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992. Abin da ya fi girgiza ni shi ne wannan: diyyar fasinjan da ya ji rauni ba daga aljihun direba take fitowa ba, daga kamfanin inshorar motar take. Dole ne kowace mota ta yanki inshorar, kuma don irin wannan rana ake biyan kuɗin. Wato yafiyar da Baffa ya yi, yana ganin ya rufa wa talakan direba asiri, kamfani ya yi wa kyauta. Ta ce a lokacin doka ta ba kamfanin wata 12 daga ranar hatsari ya kawo tayin diyya, wata 8 idan rasuwa aka yi, kuma wanda ya yi sake har shekara 5 suka wuce bai nema ba, hakkinsa ya faɗi. Ta ce in tattara rahoton jandarma, wanda ake kira PV, da shaidar likita ta ranar farko, da kowane rasit na magani, ko na auduga ne.

Rasit! Rabinsu mun riga mun zubar. Na koma ina bin kantunan magani ɗaya bayan ɗaya ina roƙon a sake rubuta mini. Wasu suka yi, wasu suka ce ba su tuna ni ba. Rahoton kuwa ya ci mini takalmi kafin ya fito.

Da takardu suka haɗu, wakilin kamfanin ya tarbe ni da cewa motar ta ɗauki mutane fiye da ƙa'ida, don haka ba ruwansu. Na dawo gwiwa a sanyaye. Lauyan da aka haɗa mu da shi, wanda sau 2 kawai na gan shi ido da ido, sauran duk ta waya, ya yi dariya ya ce wannan tsakaninsu ne da mai mota, ba a kafa wa fasinja hujja da shi. Ya rubuta musu wasiƙa shafi guda. Bayan mako 3 muryar wakilin ta canza, har yana tambayata ya mai jiki.

Amma duk wahalar ofis ba ta kai ta gida ba. Magana ta bazu cewa na kai bayin Allah kotu, ina neman cin kuɗin jini. Baffa ya daina amsa gaisuwata da kyau, ya ce na mai da shi ƙaramin mutum a gaban baƙi, ya ce an yafe na ce ba a yafe ba. Wannan ta dame ni ƙwarai, don shi ya riƙe mu muna yara. Na je wurin limamin unguwarmu na kwashe labari na faɗa masa. Ya ce malamai suna da saɓani a kan ita inshora, wannan ba zai ɓoye mini ba. Amma diyyar rauni hakki ce da shari'a ta sani, yafiya kuma alheri ce babba, sai dai mai hakki ne ke yin ta. Ya ce, "Ƙafar wa ta karye?" Na ce ta ƙanena. Ya ce, "To an tambaye shi?"

Ba a tambaye shi ba. Mutum 10 ne a ɗakin ranar, yana kwance a tsakiyarmu idonsa biyu, babu wanda ya juya ya dube shi. Har ni.

Kada mai karatu ya ɗauka an yi arziki. Wanda ba shi da takardar albashi, kamar tela, da mafi ƙarancin albashi na ƙasa ake yi masa lissafi, lokacin kuwa sefa 30,047 ne a wata, sai a 2024 aka ɗaga shi zuwa 42,000. Mutumin da ke samun ninkin wannan a makon sallah kaɗai. Likitan da ya auna nakasar ya rubuta adadinsa, aka buga lissafi, aka yi ta ja-in-ja, kuɗi suka fito bayan shekara guda da wata 4. Sun biya bashin asibiti da hayar shago da ta taru, ragowar ya sayi keken ɗinki mai aiki da lantarki, tunda ƙafar ta gajarce kuma ba ta jure taka na da. Idan an ɗauke wuta sai yaronsa ya hau tsohon keken, shi yana yanka.

Iyalan mutum 2 da suka rasu, na nemi ɗaya daga ciki na faɗa musu abin da na koya. Wan mamacin ya yi mini godiya, ya ce su sun bar wa Allah. Matar tana bayan labule da jariri, ban ji muryarta ba.

Direban ya zo Tasawa da ƙaramar sallar bara, hannunsa na hagu a shanye, ya daina tuƙi. Ya tsaya a bakin shago ya kasa shiga. Ƙanena ya dogara sandarsa ya fito, suka gaisa, suka daɗe a kan benci suna magana ƙasa-ƙasa. Da zai tafi na ji ƙanena ya ce masa, "Ni na yafe maka, tsakanina da Allah." Sannan ya ɗauko tef ya auna shi, ya ce ya dawo ranar Laraba ya karɓi riga.